Zuwa Brisbane da Teku a Jinina

"Ba ni makullin, Kawu."

"Ba zan ba ki ba."

"To ka kai ni da kanka. Filin jirgin ai ga shi nan kusa."

"Na san inda filin jirgi yake, 'yata. Tun ba a haife ki ba nake kai mutane can. Yau dai ba na zuwa."

Muna tsaye a bakin tashar jiragen ruwa ta Cairns, ana yayyafi, gashina ko bushewa bai yi ba daga ruwan gishiri. Kawu Meshach shi ne matuƙin jirgin ruwan da nake aiki a kai, dattijo ne ɗan tsibirin Masig. Ba mu haɗa jini ba, amma duk tashar nan Kawu ake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Ya cusa makullin a-kori-kurarsa a aljihun wando, ya dafe da hannu kamar wanda ake shirin yi wa ƙwace.

Kusan mako guda muka yi a can kan murjani muna kashe ƙayar teku, halittar nan mai hannuwa barkatai da ke cinye murjani ta bar shi fari fat kamar ƙashi. Allurar ruwan khal muke yi musu ɗaya bayan ɗaya, mu nutsa da safe, mu nutsa da hantsi, mu nutsa da rana. Can babu layin waya. Sai da muka doso gari wayata ta farfaɗo a cikin jaka, ta kama tsuwa ba ƙaƙƙautawa. Duk saƙonnin daga Glenys ne, mahaifiyar mijina. Na farko yana cewa in kira ta. Na ƙarshe yana cewa mijin nawa, Declan, ya faɗo daga rufin da yake kafa farantan sola a Brisbane, kansa ya bugu, jini yana taruwa a ciki, likitoci suna jira su ga ko zai tsaya da kansa. In bai tsaya ba, za su buɗe kan a yau. An kuma gaya mata ba kowa ke farkawa daga irin wannan aikin ba.

"Akwai jirgin sama da la'asar," na ce. "Kafin duhu ina gefen gadonsa. In riƙe hannunsa kawai kafin su shiga da shi. Shi ke nan abin da nake so, Kawu, ban roƙi wani abu ba."

Ya kamo tsintsiyar hannuna ta hagu, ya juyo da agogon nutsona yadda zan gani. Ba sai ya nuna mini ba. Ɗan hoton jirgin sama ne aka ja masa layi, a ƙarƙashinsa awannin da suka rage suna ƙirga kansu a hankali. Sai gobe da tsakar rana zai sake ni.

"Me kike koya wa sababbin ma'aikata ranar farko?" ya ce.

"Kawu, ka bari."

"Faɗa mini. Ke ce malama."

"Kwalbar lemo."

"Ƙarasa mana."

"In ka girgiza ta ka buɗe da sauri, sai ta yi kumfa."

"Yauwa. To yau wace ce kwalbar?"

Na fizge hannuna. Na sani, kamar yadda duk mai nutso ya sani. Iskar da jini ke sha a ƙarƙashin teku sai a hankali take fita. In ka hau sama tana nan a jikinka, jirgi ya buɗe murfin ke nan. Kumfar za ta iya tsayawa a gwiwa ta yi maka ciwo kawai, za ta iya tsayawa a laka, za ta iya tsayawa a ƙwaƙwalwa. Ni da bakina na sha faɗa wa baƙin da suka zo yawon buɗe ido, ina murmushi, ina nuna musu kwalba.

"Jirgin ƙasa fa?" na ce, ko da yake na san amsar.

"Ya tashi tun da safe. Kuma ko kin same shi, wuni da kwana zai yi yana gaisawa da kowace gonar rake. In ruwa ya hau kan dogo kuwa, a tsakiyar daji za su sauke ku ku jira bas."

"Mota."

"Hanyar bakin teku tana nan, amma ruwa yana hauhawa a gadar da ke gaban Ingham. Ɗan ƙanwata ya wuce da babbar motarsa ɗazu, ya ce har yanzu ana bi. Zuwa anjima kuma sai dai ki tambayi kadoji."

"In bi ta ciki, ta bayan duwatsu."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ki hau tudun Atherton, da tsayin nan nasa, da wannan jinin? Ai gara ki hau jirgin, aƙalla can za su ba ki shayi kafin ki shanye."

"Ba abin dariya ba ne!"

"Ina dariya kika gani?"

Bai yi ba kuwa. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja, irin jan da gishiri da shekaru suke sa wa masu aikin teku, amma yau ya fi na kullum. Ko da na bi mota, ko gada ta bar ni na wuce, sai gobe zan shiga Brisbane. Duk hanyar da na juya, gobe take cewa. Hanya ɗaya ce tak take cewa yau.

Wayata ta yi ƙara. Glenys ce.

"Kina ina?" Ko gaisuwa babu. Muryarta ta dushe, na ji ƙarar na'urori a bayanta.

"Yanzu muka sauka a tasha. Yaya yake?"

"Yana buɗe ido yana rufewa. Sau biyu ya kira sunanki. Wane jirgi kika samu?"

"Glenys, na yi nutso yau da rana. Ana so in jira kafin in..."

"Ki jira me?"

"Akwai iska a jinina. In na hau sama yanzu..."

"Tamsin, kowa akwai iska a jininsa. Ni nan da idona na ga mutane sun yi iyo a teku da safe sun hau jirgi da yamma, ba wanda ya mutu. 'Yar'uwarsa ma da ke Perth, ɗaya ƙarshen ƙasar, tana cikin jirgi yanzu haka. Ke da ke matarsa, tafiyar awa biyu da ɗoriya, za ki ce mini agogo ya hana ki?"

"Iyo daban, nutso daban."

"Ni ban san wannan ba. Abin da na sani, ɗana yana kwance yana neman ki." Sai muryar ta karye. Tunda na san matar nan ban taɓa jin kukanta ba, ko ranar aurenmu ƙyam ta tsaya kamar mai gadin banki. "Tun farko na faɗa masa, macen da rabin ranta yake ƙarƙashin ruwa, wata rana zai miƙa hannu ya ji ba kowa. Don Allah ki ƙaryata ni, Tamsin. Ki zo."

Ta kashe.

Ban dubi Kawu ba. Na sayi tikitin a waya, kujera biyu ce ta rage. Sannan na fara neman tasi.

"Ajiye wannan," ya ce.

"Ba za ka hana ni ba."

"Ai na ga alama. Shiga mota. In dai kin rantse sai kin je ki yi wautar nan, ba baƙo ne zai kai ki ba."

Kafin ya tayar, ya koma cikin jirgin ruwan ya ɗauko koriyar tukunyar iskar numfashi da muke ajiyewa saboda haɗari, ya kwantar da ita a bayan kujera. Na yi kamar ban gani ba.

Motar Kawu warin kifi da man dizal take yi, abin share gilashinta guda ɗaya ne yake aiki. Na jingina kaina da taga ina kallon itatuwan bakin titi suna ɗigar ruwa. A littattafan da nake tarawa a ƙarƙashin gadona na jirgi, nan ne wurin da mace takan ruga filin jirgi ba takalmi, kowa ya ba ta hanya, soyayya ta yi nasara. Na sha yin kuka a kan irin waɗannan shafukan. Ban taɓa karanta wanda jinin matar da kansa ne ya tare mata ƙofa ba.

A kan jirginmu na fara ganin Declan. An kira shi gyaran wayoyin wuta, jirgin yana ɗaure a tasha, ko motsi ba ya yi, amma bawan Allahn nan ya rungume bokiti yana ta amai. Na ba shi citta ya tauna, ya ɗago kai daga bokitin ya ce, "In na rayu, za ki sha kofi da ni?" Mutum ne da ke tsayawa a ƙarshen rufin bene yana fito kamar tsuntsu, amma ruwa ya kai masa gwiwa sai ya fara kiran sunan uwarsa. Ni kuma ko tsani na hau sai jiri ya ɗebe ni. Kawu yakan ce Allah ya haɗa kifi da tantabara don ya ga inda za su yi sheƙa. Da aikin Brisbane ya samu, muka ce ai damina ɗaya ce. Daren da za mu fita teku ya kira ni yana ta dariya ƙasa-ƙasa, ya ce yana da sirri amma ba zai iya riƙewa ba: ashe ya shiga ajin koyon iyo a unguwarsu, shi kaɗai ne namiji cikin tsofaffin mata, har sun sa masa suna Ɗan Agwagwa. Wai so yake in ya dawo ya ga murjanin da nake ta ba shi labari da idonsa.

Na toshe bakina da hannu don kada Kawu ya ji kukana.

"Kin san ƙanena Aba," ya ce, idonsa a kan titi.

"Na san shi."

"Kin san shi a kan keken guragu. Ba ki san shi a tsaye ba. Duk tsibirinmu ba wanda ya kai shi kamun jatan lande a ƙarƙashin ruwa. Ya fito daga teku da rana, da yamma ya hau ƙaramin jirgi zai zo nan kallon wasan ƙarshe na ƙwallo. Ƙwallo fa! Ni na je tarbarsa, da tuta a hannuna. A kan gadon marasa lafiya suka sauko da shi."

"Wasu sun hau kuma ba abin da ya same su."

"Da yawa ma. Na san su, ina shan shayi da su." Ya sauya giya da ƙarfi. "Shi ya sa abin yake da wuya. Da tabbas ne, da na ɗaure ki da igiyar anga na huta. Zai yiwu ki sauka lafiya lau ki yi mini dariya har ƙarshen rayuwata. Zai yiwu kuma su kwantar da ke a hawa na ƙasa shi yana na sama, ba mai iya zuwa wurin wani."

"In ya mutu ban gan shi ba fa, Kawu?"

Ya ci gaba da tuƙi. Har muka sha kwanar shiga filin jirgi.

"Ba ni da amsar wannan, 'yata," ya ce.

Na so a ce ya yi mini ƙarya.

A ciki, sanyin na'ura ya ratsa jiƙaƙƙiyar rigata. Matar da ke bayan kanta ta tambaye ni ko akwai batir ko ashana a jakata, ko ni na haɗa kayana da kaina. Ta yi mini murmushi ta miƙo takardar shiga. Ba wanda ya dubi agogon da ke hannuna. Na ɗauka wani zai tare ni, har na shirya faɗan da zan yi da shi, sai ga ƙofofi suna buɗe mini da kansu. Wannan ya fi ba ni tsoro fiye da duk abin da Kawu ya faɗa.

Shi kuwa yana biye da ni da silifansa, ƙafafunsa duk yashi. A wurin bincike na'ura ta yi ƙara a kansa, aka sa ya fitar da ƙugiyar kamun kifi daga aljihun riga.

"Baba, ina za ka da wannan?" mai binciken ya tambaya.

"Rakiya na zo. Riƙe ta, yaro, in na fito ka ba ni. Ta fi ka shekaru."

A nan ne, da na sunkuya zan ɗauki jakata daga kan tire, na ji shi. Kafaɗar dama, can ciki, wani ciwo maras kaifi, kamar an cusa tsakuwa a cikin gaɓar. Na ce wa kaina ai mako guda na yi ina jan igiya da ɗaga tukwanen iska, dole jiki ya yi tsami. Na juya hannun. Ciwon gajiya in ka motsa yakan ƙaru ko ya ragu. Wannan bai ƙaru ba, bai ragu ba. Yana nan zaune abinsa, ba ruwansa da abin da nake yi.

Na mayar da jakar kafaɗar hagu.

Muka zauna a bakin ƙofar shiga. Ta gilashi ina ganin jirgin, ruwa yana gangarowa a fikafikansa, ma'aikata cikin rigunan ruwa suna loda kaya. Kusa da mu wasu samari ne da kunar rana ta yi wa ja, suna gardama a kan wanda ya fi ganin kunkuru. Wata uwa tana ɓare wa 'yarta ayaba. Duk waɗannan mutanen za su ci abincin dare a Brisbane, kuma ba ɗayansu da ya damu.

"Tun yaushe kika zama bahaguwa?" Kawu ya ce.

"Me?"

"Jakar."

"Gajiya ce."

"To."

Ya harɗe hannuwa ya zuba wa jirgin ido.

Wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na miƙe na koma jikin gilashi.

"Tamsin ce? Sunana Dokta Perera, ni ke kula da mijinki." Muryar mace ce, a natse, irin ta wanda ya saba faɗin abu maras daɗi ba tare da ya yi masa ado ba. "Mun sake ɗaukar hoton kansa. Jinin bai tsaya ba, amma a hankali yake ƙaruwa. Aikin dai sai an yi."

"Yaushe?"

"Ana shirya ɗaki. In ya ci gaba a yadda yake, zai kai farkon dare."

"Jirgina zai sauka kafin nan. Za ku jira ni?"

"Ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba ne. In ya fara nisa, ko mintuna biyar ba zan jira kowa ba. Zai iya kaiwa ki iso, zai iya zama kina sama za mu shiga da shi."

"Yana ji? In an yi masa magana?"

"Yanzu dai yana ji. Yana matse hannu in an ce ya matse." Sannan ta ƙara da cewa, "Mahaifiyarsa ta ce mini kin ce wani abu game da nutso. Yaushe kika fito daga ruwa?"

Na faɗa mata. Na faɗa mata kwanakin da muka yi muna yi.

"Ni likitar kai ce, ba ta masu nutso ba," ta ce. "Kin fi ni sanin wannan. Abu ɗaya zan roƙe ki: kada ki ba ni majinyata biyu daga gida ɗaya. Ga mahaifiyarsa."

Lasifika ta fara kiran fasinjojin Brisbane. Mutane suka miƙe suna jan akwatuna, layi ya miƙe har bakin shagon littattafai.

"Kina filin jirgi?" Glenys ta ce. "Na ji ana kira. Yauwa, 'yar albarka. Yauwa."

Ba ta taɓa kirana haka ba. Shekara uku ina jiran kalma irin wannan daga bakinta, sai yau ta zo, a kan abin da bai kamata ba.

"Glenys, ki sa masa wayar a kunne."

"Ai yanzu za ki gan shi."

"Don Allah."

Na ji motsin zane, na ji ƙarar na'urar ta matso kusa. Sannan numfashi. Zan gane numfashin nan ko cikin mutum dubu, da 'yar ƙarar da hancinsa ke yi tun da ya karye a wasan ƙwallo yana yaro.

"Declan. Ni ce."

Na manna goshina da gilashin, sanyinsa ya shige ni.

"Kai da ka ce mini rufi bai taɓa kayar da kai ba. Ka ga abin da cika baki ya ja maka? Ka ji ni kuwa?"

Wani sauti ya fito, ba kalma ba ce sosai. Sannan, a hankali, kamar daga ƙarƙashin ruwa: "Tam."

"Ya motsa!" Muryar Glenys daga nesa. "Ya matse mini hannu! Ci gaba da magana, Tamsin, ci gaba!"

Na ci gaba. Ban san me nake faɗa ba. Na ba shi labarin wani ƙaton kifi da ya bi ni wuni guda yana leƙa abin da nake yi kamar sufeto. Na ce masa bishiyar mangwaron bayan gidanmu jemagu sun gama da ita, sai ya dawo ya yi musu magana da kansa. Ina magana ina tafiya, ƙafafuna suka kai ni ƙarshen layin ba tare da na umarce su ba. Layin yana raguwa. Samarin nan suka shige, uwar da 'yarta suka shige. Kafaɗata ta fara bugawa, kuma yanzu fatar saman hannun tana ƙaiƙayi kamar tururuwa na tafiya a ƙarƙashinta.

Kawu ya zo ya tsaya a gefena. Bai taɓa ni ba. Ya ɗago tasa wayar yadda zan karanta: ɗan ƙanwarsa ne, ya ce ruwa ya fara lasar bakin gadar, 'yan sanda sun iso da alamun rufe hanya amma ba su kafa ba tukuna.

"In ta ƙasa ce, yanzu ne," ya ce a hankali. "Townsville tana kan hanya, can asibitin da ke da tankin jinyar masu ciwon nutso yake. In ta sama ce, ga ƙofa nan. Ba zan riƙe ki ba."

Saura mutum biyu a gabana. Sai ɗaya.

Na dubi dogon lungun da ke kaiwa cikin jirgin. A ƙarshensa akwai kujera, da bel, da wata mai murmushi da za ta ce in kashe wayata. Daga nan sai shiru na awa biyu da ɗoriya. Wataƙila in sauka a kan ƙafafuna, in ruga, in same shi idonsa biyu, in sa fuskata a tafin hannunsa. Wallahi har ɗumin hannun na ji. Wataƙila kuma ya fara nisa ina can cikin gajimare, ya nemi muryar da yake ji yanzu ya ji ta ɗauke, a tura shi cikin ɗakin nan ba gani ba ji. In kuwa ya farka, wata zai yi ko shekara yana koyon riƙe cokali da taka ƙasa, kuma wani zai buƙata da zai tallafe shi a tsaye. Na tuna Aba a kan kekensa, yadda matarsa ke juya shi ya fuskanci teku kowace safiya.

Amma in bai farka ba, na san abin da na sayar. Ba wanda zai dawo mini da shi, kuma Glenys ba za ta taɓa yafe mini ba. Ban tabbata ni ma zan yafe wa kaina ba.

"Malama?" Ma'aikaciyar ƙofar ta miƙo hannu. "Ke kaɗai muke jira. Takardarki, sannan a daure a gama wayar."

A kunnena Declan ya ja numfashi, 'yar ƙarar hancin nan ta fito.

Hawaye suna shiga bakina, na ja baya taku ɗaya daga ƙofar. Na ɗaga murya yadda duk su ukun za su ji, da wadda ke gabana, da wanda ke gefena, da wadda ke riƙe da waya a Brisbane.

"Ku rufe ƙofarku, ba zan hau ba. Kawu, kafaɗata ce, tun wurin bincike take ciwo, ka kira likitan nutso, ka haɗa mini iskar nan. Glenys, ki zage ni gobe yadda kike so, amma kada ki ɗaga wayar nan daga kunnensa sai sun karɓe shi daga hannunki. Declan, kana ji na? Ta ƙasa zan zo, ta bakin teku, Townsville tukuna sannan wurinka. Ba zan yi shiru ba, kai ma kada ka yi."